Ɓarawon da Ya Lulluɓe Taba

Ranar Litinin da sassafe, hayaƙin tanderun mata bai gama tashi ba labari ya karaɗe ƙauyen Tash-Arik cewa an fasa siton taba.

Siton na ƙungiyar manoma ne, gida arba'in da ɗaya ke da haƙƙi a ciki. Kowace kaka, bayan mata sun zura ganye a zare an shanya, maza sun danne shi dila-dila, sai a sayar da mafi yawa, a ware wani kaso a jibge a ƙuryar sito. Wannan ita ce ajiya. Taba in ta shekara ta fi daraja, kuma ita ce madogarar gari a shekarar da ƙanƙara ta kashe shuka. A taron kaka ma'ajin sito, Jumadil, yakan miƙe ya faɗi yawan ajiyar. Abin da ya faɗa shi ake aikawa gunduma, gunduma ta aika Bishkek, babban birnin ƙasar, can a haɗa da na sauran garuruwa, rediyo ta ce ajiyar tabar ƙasa ta hau bana ko ta sauka. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa cewa a buɗe a gani. Sai bana mutanen birni suka lura abin da ake faɗa musu ya fi abin da ke isa kasuwa, suka ce ranar Alhamis za su turo masu ƙirgawa da hannu, ƙauye-ƙauye.

Saura kwana uku ke nan aka tarar da rami a bangon baya, wanda jaki zai shige ba tare da ya sunkuya ba. Dila talatin da shida sun yi ƙafa.

Kanishai, matar da ke shugabancin ƙungiya, ita ta aika a kirawo Toktosun mabi sawu. Ya zo a kan farar goɗiyarsa, ɗan dukushinta na biye. Tsohon makiyayi ne, mai ƙarancin magana, ya shekara arba'in yana bin sawun ɓatattun dawaki a kan tsaunuka kafin gwiwa ta sauko da shi gari. Abu na farko da ya yi, ya sa aka zagaye bayan siton da igiya, aka kori mutane baya.

Amma mutane sun riga sun ga abin da za su gani. A cikin laimar ƙasa ga sawun amalanke da na jaki, ga kuma sawun dogayen takalma masu facin tayar tarakta a dunduniya, zanen facin kamar zangarniyar alkama. Babu babba a garin da bai san wannan sawu ba. Na marigayi Ergesh ne, mai rabon ruwa, wanda ya shekara talatin yana barin sa a bakin kowace gona. Shekara bakwai da rasuwarsa. Matacce ba ya sata, amma ya bar mata, Burul, ya bar ɗa, Sapar, wanda ya dawo daga ci-rani a Rasha bara da jaka ɗaya da baƙin rai. Jakin ma nasu ne, an same shi tsaye a ƙofar gidansu da amalanken wayam.

Jumadil ya taro Toktosun da hannu biyu. Amininsa ne na shekara hamsin, kuma surukinsa, don 'yar Toktosun, Jipar, ɗan Jumadil take aure.

"Ka ga abin da aka yi mini da furfurata, suruki," ya ce. "Sa hancin nan naka a ƙasa ka shinshino mana shi."

Ya nuna masa ramin. An rataya wani katon bargon gashin tumaki ya toshe shi, rabinsa ya lulluɓe dilolin da suka rage a kusa, jelarsa ta zubo waje a ƙasa, an danne ta da duwatsu. Jumadil ya ce shi ya sa shi da ya iso da fitowar rana, don kada iska ta busar da sauran. Toktosun ya gyaɗa kai ya wuce. Mai taba ya san haka: ganye in ya sha iska sai ya zama gari, in ya sha ruwa sai ya yi fumfuna.

Dattawa suka yi shawara a tsaye. Wasu na cewa a kira 'yan sanda yanzu. Kanishai ta roƙa aka ba Toktosun zuwa la'asar ɗin Laraba. In bai kawo wani ba, a miƙa Sapar ga 'yan sanda, a cire gidan Burul daga ƙungiya, a kuma ɗauke mata ranar ruwa, wato ranar da ake sakar wa gonarta ruwan magudana. Gonar da ba ta da ranar ruwa a Tash-Arik, fili ne kawai na kiwon awaki.

*

Toktosun ya bi sawun a ƙafa, goɗiya na biye da shi. An yi yayyafi kafin kiran asuba, ya ɗauke lokacin da ake fitowa daga masallaci, don haka kowane sawu da aka yi kafin ruwan ya fito da ɗigo-ɗigo a kansa kamar fuskar mai zanzana. Sawun ɓarawon duk haka yake.

Daga bakin gonar Burul aka ɗauko amalanken, inda take barin sa kullum. Kowa ya san nan yake kwana. An ja shi zuwa sito, an juyo da shi. Toktosun ya tsuguna ya sa yatsa a ramin taya na zuwa, ya sa a na komowa. Ya sake gwadawa a wuri uku. Zurfinsu ɗaya. Ko dila shida aka ɗora wa wannan amalanke sai tayarsa ta nutse, jakin kuma ya riƙa kafa kofato. Wannan jaki tafiyar nishaɗi ya yi, har ya tsaya ya ci ciyawa a hanya. Kuma sau ɗaya aka je, sau ɗaya aka dawo.

A bakin babbar magudanar ban-ruwa mai takalman ya saki jakin, ya shiga ruwa. Jakin ya kama hanyar gida shi kaɗai. Toktosun ya bi gaɓa sama da ƙasa har rana ta take, bai ga inda mutumin ya fito ba.

*

Burul ta shimfiɗa masa tabarmar cin abinci, ta gutsura gurasa, ta zuba shayi rabin kofi kamar yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Hannuwanta baƙi ƙirin da ƙaron taba. Tun safe maƙwabta biyu sun aiko a mayar musu da rariya da tukunyar da suka ara mata, ta faɗa masa haka tana ɗan murmushi.

Sapar na tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi zama. Ya ce shi a bukkar gonar tuffa ya kwana yana gadi, shi kaɗai, ba shi da shaida sai sauro.

"In na saci dila talatin da shida, Baba, a aljihuna na zuba su? Ku tone gidan. Ku tone har kabarin babana, tunda shi ma ya shiga cikin zargi."

Uwar ta tsawatar masa da ido. Sannan ta juya ga Toktosun ta ce takalman nan ba sa gidan tun ranar da aka kai mai su. Ta faɗa wa mutane da safe, sun ce me za ta ce da ma.

"Kai ma ka sani, Yaya Toktosun. Kana cikin waɗanda suka yi masa wanka."

Ya sani. Al'ada ce, kayan jikin mamaci ba sa kwana a gida, ana ƙunsa su a ba waɗanda suka wanke shi. Su uku suka wanke Ergesh: shi, da Liman Israil, da Jumadil. Burul ta ɗaure ƙunshi uku a farin ƙyalle, wan mijinta ya miƙa wa kowa nasa a ƙofa, shi ma yanzu ƙasa ta rufe masa ido. Ita ba ta san wa ya ɗauki wanne ba. Abin da ta sani, ɗaya na da rigar sanyi, ɗaya hular gashi da wanduna, ɗaya takalma.

Rigar sanyin tana rataye a ɗakin Toktosun har yau.

*

Liman Israil ya ce shi bai ma kwance nasa ba. A ranar ya ba wani talaka, Hamrakul, da ke yi masa aikin gona a lokacin. Ya ƙara da cewa ya ji Hamrakul yanzu ya yi kiɓa, yana sayar da nasbai, garin tabar nan da ake sawa a ƙarƙashin harshe, a kasuwar Talata.

Toktosun ya kwana da sauƙi a zuciyarsa. Mai sayar da garin taba, baƙo, wanda ya san garin ciki da waje. Da ya so ya zana ɓarawo da hannunsa, da haka zai zana shi.

Washegari ya hau goɗiya ya yi tafiyar awa biyu. Ya sami Hamrakul a layin masu taba, zaune a bayan buhunan koren gari, da wata tsohuwar hular gashi a kansa duk da rana. Da ya ji abin da ya kawo baƙon, sai ya yi dariya har ya ƙware.

"Takalma? Wayyo Baba, da su na samu ai da na gode. Ga abin da na samu nan a kaina. Wandunan kuwa matata ta yi tsumma da su tuni."

Ya miƙo ƙafa daga ƙarƙashin teburi, ƙafa kamar faranti, wadda ko rabin takalmin Ergesh ba za ta shiga ba. Ya sa aka kawo shayi. Cikin hira ya yabi tabar Tash-Arik, ya ce ba ta da na biyu, musamman tsohuwar, mai shekara biyu. Kowane sanyi wani direban babbar mota na kawo masa dila biyar ko shida. Shekara shida ke nan ba fashi.

Toktosun ya ce ƙungiyarsu ba ta taɓa sayar da ajiya ba.

Hamrakul ya ɗaga kafaɗa. Shi dai, in ji shi, ganye yake saye, ba ya tambayar sunan uwarsa.

A hanyar komawa Toktosun bai kalli ƙasa ba ko sau ɗaya. Goɗiya ce ta kai shi gida.

*

Da yamma ya biya gidan Jumadil. Aka sa shi a kan shimfiɗar manya, nesa da ƙofa. Jipar ce ta zuba musu shayi, jaririyarta a goye, ta sunkuyar da kai ta fita. Gidan sabo ne, rufin kwano, an gina shi shekarar bikinta.

Toktosun ya juya kofi a hannunsa ya tambaya, kamar abin bai dame shi ba, ko Jumadil ya tuna abin da ya samu a ƙunshin Ergesh.

Jumadil bai ko ƙifta ido ba. Ya ce takalma ne, ai shi ma tun jiya abin ke cin sa. Sun yi masa yawa, sai ya ba wasu masu tsinkar tuffa da suka ratsa garin shekara biyar da suka wuce. Wa ya sani, ko sun sayar wa Sapar, ko yaron ya gane na ubansa ne ya karɓe.

"Ka tsufa, makiyayi," ya ce yana dariya, ya tura masa kwanon man shanu. "Da can kafin shayi ya huce ka kamo ɓarawo. Ci, ka rame."

Toktosun ya ci. Maganar tana iya zama gaskiya. Masu tsinkar tuffa na zuwa kowace shekara, kuma Jumadil mutum ne mai kyauta. Wannan mutumin ne, suna samari, ya goyo shi a baya tun daga mashigar dutse har gari, yini guda cikin dusar ƙanƙara, ranar da doki ya karya masa cinya. Yatsun ƙafa biyu Jumadil ya rasa a wannan tafiya, bai taɓa yi masa gori ba.

*

Laraba da hantsi Toktosun ya karɓi mabuɗi a wurin Kanishai ya shiga siton shi kaɗai.

An jera ajiyar har kusa da rufi, kamar ɗaki, kuma gurbin dilolin da suka ɓata a tsakiya yake, daidai da ramin bango. Ya durƙusa a gurbin. Inda dila ta kwana shekara, in an ɗaga ta, ƙasa takan fito fes da shatin igiya. Nan kuwa ƙura ce mai kauri, ɓeraye sun yi hanyoyi a cikinta, tsofaffin hanyoyi da aka bi aka sake bi. A kusurwa saƙar gizo-gizo ta yi baƙi don tsufa. Kuma ko ɓarɓashin ganye ɗaya babu a bakin ramin, alhali dila ba ta fita ta rami ba tare da ta zubar da wani abu ba. Wannan gurbi ya shekara da shekaru a wofi, an dai gina masa bango da diloli ta gaba don kada a gani.

Ba a saci komai ranar Lahadi ba ke nan. An fasa bango ne don a sama wa tsohuwar ɓaraka sabon uba.

Sawun takalman Ergesh na nan a cikin ƙurar. Ya shigo ta rami, bai yi dama ko hagu ba, bai yi lalube ba, ya zagaya bayan sikeli, ya tsaya a gaban wata ƙusa a bango, ya juyo. Toktosun ya daɗe yana kallon ƙusar. Nan ake rataye bargon.

Ya fita ya zagaya baya, ya tsallaka igiya. Ya ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga jelar bargon a hankali.

Ƙasar da ke kewaye duk ta yi zanen ɗigon yayyafi. Ta ƙarƙashin bargon kuwa sumul take, gari-gari, ruwa bai taɓa ta ba. A tsakiyarta ga zangarniyar alkama guda biyu, dunduniya kusa da dunduniya, na mutumin da ya tsaya yana gyara lulluɓi.

Ya mayar da bargon yadda yake, ya mayar da duwatsun. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Tun ranar Litinin ya kamata ya ɗaga bargon nan. Shekara arba'in bai taɓa yarda da bakin mutum ya bar ƙasa ba, sai wannan karon.

Da azahar ya tsaya a ƙofar masallaci har Jumadil ya fito, suka jera. Ya tambaye shi ko akwai abin da yake so ya faɗa masa kafin la'asar, su biyu, ba na uku.

Jumadil ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka wahalar da kanka, suruki. Ka ce sawu ya ɓace a ruwa, ai ba ƙarya ka yi ba. Yaron nan shekara ɗaya zai yi a gidan yari ya fito, ƙashinsa ɗanye ne. Su kuma ba su da kowa da zai tayar da magana."

Toktosun ya ce to. Suka rabu a mararraba.

*

Bayan la'asar aka taru a bayan sito. Dattawa na zaune a kan benci, mata a tsaye ta baya. Burul da Sapar su kaɗai a gefe, an bar fili tsakaninsu da jama'a kamar masu ciwon da ake ɗauka. Liman Israil na nan, Jumadil na kusa da Kanishai da mabuɗai a ɗamararsa.

Toktosun bai iya dogon jawabi ba. Ya faɗi zancen amalanken da ya tafi wayam ya dawo wayam. Ya sa dattawa biyu suka leƙa ramin suka ga hanyoyin ɓeraye. Ya faɗi abin da Hamrakul ya ce, dila shida kowane sanyi, shekara shida. Wani daga baya ya ce ai Sapar shekarun nan yana Rasha.

Sai Toktosun ya juya ya tambayi Jumadil, a gaban kowa, yaushe ya rataya bargon.

Jumadil ya ce ai ya faɗa, da fitowar rana.

Toktosun ya tambayi Liman yaushe yayyafi ya ɗauke. Liman ya ce suna fitowa daga sallar asuba, gari bai waye ba.

Toktosun ya ɗauke duwatsun, ya ɗaga bargon, ya koma gefe. Dattawa suka taso suka sunkuya. Manoma ne, ba sai an karanta musu ba.

"An sa bargon nan kafin ruwa," ya ce. "Mai takalman ne ya sa shi. Ɓarawon waje ba ruwansa da abin da ya bari, ko ya ruɓe ko ya ƙone. Wannan ya fasa bango, ya ji iska ta canza, ya san ruwa na tafe, zuciyarsa ta ƙi yarda ya tafi ya bar taba a buɗe. Cikin duhu ya je inda bargo yake bai yi tuntuɓe ba. Mutum ɗaya na sani a garin nan da ba zai iya barin taba ta jiƙe ba, ko da a kan wuyansa ne."

Daga cikin rigarsa ya ciro gurasa guda, wadda matarsa ta gasa da safe. Ya ɗora ta a kan benci, don a garin nan da gurasa ake rantsuwa. Sapar ya taho da sauri ya ɗora hannu a kai, ya ce gurasa ta kama shi in ya san wani abu a wannan sata. Toktosun ya ɗauke ta, ya taka zuwa gaban amininsa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Jumadil ya kalli gurasar. Ya ɗago hannu, hannun ya tsaya a hanya. Can sai ya kai shi ga ɗamara, ya kwance mabuɗan, ya ajiye su a kan benci.

Ba a yi ihu ba. Wata tsohuwa ce kawai ta ce innalillahi, a hankali. Burul ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe baki.

Jumadil ya ce takalman na cikin tsohuwar rijiyar gonarsa. Ya ce shekarar farko ya yi niyyar mayarwa da kaka, kaka ta zo ƙanƙara ta riga shi. Daga nan abin ya zama kamar ƙaiƙayi. Kanishai ta tambaye shi me gidan Ergesh ya yi masa, mutumin da ya wanke da hannunsa. Ya ce ba su yi masa komai ba, takalman ne kawai ke hannunsa.

Sannan ya dubi Toktosun, idonsa ya kaɗa.

"Na goyo ka yini guda, makiyayi."

"Ka goyo ni."

"To in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Ka faɗa musu dila shidan farko ina suka tafi. Da kuka ce 'yarku ba ta fita sai da goɗiya fara, da me kake tsammani na saye ta? Shekara shida kana hawan tabar mutane, kana shan nononta."

Kowa ya juya ya kalli goɗiyar, tana ɗaure a jikin bishiya, ɗanta na tsotso. Toktosun ma ya kalle ta. Gaskiya ne, shi ya ce fara yake so. Da wasa ya faɗa, a kan shayi, washegari sai ga ta a ƙofar gidansa, ya yi ta yabon amininsa a gari, bai tambayi yadda mai albashin ma'aji ya same ta ba.

Ya je ya kwance sirdin, don sirdin na ubansa ne, ya ajiye a ƙasa. Ya jawo linzamin ya damƙa wa Kanishai, ya ce ita da ɗanta na ƙungiya ne, a sayar a zuba a ajiya. Kanishai ta ce ba wanda ya nemi haka daga gare shi. Ya ce ya sani.

*

Dattawa suka tsaya yanke abin da za a faɗa wa masu ƙirga gobe. Toktosun bai jira ba. Ya saɓa sirdi a kafaɗa ya kama hanya. Burul ta biyo shi 'yan taku, ta ce Allah ya saka, Yaya. Ya ce ta tafi ta sake aro rariyar maƙwabta. Sapar ya ce zai ɗaukar masa sirdin, ya ƙi.

Hanyar gidansa ta ƙofar gidan Jumadil take bi. Jipar na tsaye a bakin ƙofa da goyonta, labari ya riga shi isowa. Ta dubi sirdin, ta dubi fuskarsa. Ya tsaya yana jira ta ce wani abu, ko ta ce zo ka sha shayi, Baba, kamar kullum. Ta sunkuyar da kai ta koma ciki, don gidan nan ne gidanta, kuma akwai tsohuwa, matar Jumadil, a ciki tana kuka.

Ya ci gaba. A gaban masallaci, inda ƙasa ke da laushi, idonsa ya sauka da kansa, don ido ba ya barin sana'a. Ga sawunsu na azahar, shi da Jumadil, a jere. Nasa mai jan ƙafar dama, na Jumadil mai ɗan karkata a hagu inda yatsu biyu suka tafi. Shekara hamsin, takun ɗaya ya koyi tsawon na ɗaya, ba mai riga wani. Ya bi su da ido har mararraba.

Garken tumakin gari na saukowa daga tudu, ƙura a bayansu. Toktosun ya matsa gefe ya ba su hanya. Ya tsaya da sirdi a kafaɗa har ta ƙarshe ta wuce, sannan ya sake duba ƙasa. Kofato ne kawai, ko'ina.